Ranar da Baba Ya Kalli Idon Tela

"Ba zan ba mashayi 'yata ba! Magana ta ƙare!"

Muryar Baba ce ta cika falo, ni kuwa ina bakin ƙofa riƙe da tire. Tela ne saurayina, yau ya fara zuwa gaishe da Baba, ko zama bai gama yi ba aka sallame shi.

"Baba don Allah me ya yi?"

"Kin kalli idonsa? Baƙin tsakiyar nan ya buɗe ya cinye idon duka! Ga tuntuɓe a ƙofa, ga hawaye. Haka idon ƙanena yake komawa in ya sha ƙwaya, har ta kai shi kabari."

Duk mun san ciwon nan bai taɓa warkewa a zuciyar Baba ba, ba mai iya tanka masa a kai. Kaka ce kawai ba ta barin sai ta kwana.

"Kai dai ka cika saurin hukunci. Mu a saninmu ido yana buɗewa ne in ya ga abin so ko abin tsoro. Yaron nan ya ga jikata, ya kuma ga fuskarka kamar hadari!"

"Ko iska ce ta shafe shi..." in ji Mama a hankali.

Na shige ɗaki na kira Tela ina kuka. "Ka faɗa min gaskiya, me ka sha?"

"Haba rabin raina, ni? Asibitin ido na je da safe, kwana biyu zare ba ya shigar min allura. Suka ɗiga min maganin da ke buɗe baƙin ido, don likita ta hango ciki. Ta ce in je in kwanta, haske zai dame ni har yamma."

"Shi ne ka taho?"

"Alkawari na yi wa Baba. In saɓa tun ranar farko?"

"To me ya hana ka faɗa masa?"

"Wa zai ba telan da ba ya gani sosai 'yarsa? Tabarau kawai aka rubuta min, amma kunya na ji..."

Haushinsa ya kama ni, tausayinsa ya fi yawa. Na kwashe komai na faɗa wa Baba, ko kallona bai yi ba.

"Gani ya kori ji. Gobe ya kai ni asibitin."

Washegari na kasa zaune na kasa tsaye, har na ji an turo ƙofa. Tela ne riƙe da hannun Baba, Baba yana kare fuska daga rana yana laluben hanya. Ashe cewa ya yi a ɗiga masa shi ma, ya gani da kansa.

Kaka ta leƙa idonsa ta tafa hannu. "Ikon Allah! Kai kuma me ka sha?"

Har Mama sai da ta yi dariya. Baba bai yi ba, bai kuma saki hannun Tela ba.

"Ƙanena na gani a fuskarka jiya, ba kai ba. Ka yafe min, ɗana."

Hawaye suka ɓalle min. Baba ya juyo yana neman inda nake.

"Ke auta, bar kukan nan, tashi ki kawo wa mijinki ruwa."