Tsagar Sanda a Bakin Tabki

Akwai wani yaro a Madarumfa, ɗan ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko. Babansa yana da gonar masara a bakin tabki.

Wata damina ruwa ya yi ta hauhawa. Baban ya kafa sanda a cikin ruwan, ya yi mata tsaga goma sha huɗu da wuƙa.

Ya ce, "In ruwa ya kai tsagar ƙarshe, ya shiga gona. Kai da ka iya lissafi, duba mana."

Ran Litinin ruwa yana tsaga ta biyu. Ran Alhamis ya kai ta takwas. Yaron yana sauri, abokansa na jiransa su tafi kamun kifi. Ya raba kwana uku da tsaga shida, ya sami rabi.

"Baba, rabin tsaga yake hawa kullum. Da sauran lokaci."

Baban ya yarda, ya tafi garin Ɗan Issa wajen suna.

Ran Lahadi ruwa ya shiga gona. Maƙwabta suka taru da kwanduna, suna karyar masara cikin laka. Aka tsira da mafi yawa, amma layukan masarar da ke ƙasa sun tafi. Da baban ya dawo, ya je ya dubi gonar. Yaron ya kasa cin tuwo.

Washegari ya gaya wa malaminsu, wanda suke kira Mushe Tanko. Malamin ya ja layi biyu a allo, kwanaki a kwance, tsaga a tsaye. Ya ɗiga ɗigo biyu, ya haɗa su.

"Dubi layin nan. Hawansa mai tsauri ne ko mai sauƙi?"

"Mai tsauri ne, Mushe."

"To, hawan da aka yi shi ake rabawa da kwanakin da aka ci. Shida a raba da uku?"

"Biyu. Ashe juya su na yi."

"Kuma idonka ya ga tsaga shida sun nutse cikin kwana uku. Da ka tsaya ka tuna, da ka gane."

Da yamma yaron ya ba babansa haƙuri. Baban ya dafa kansa.

"Tashi mu je gonar maƙwabcinmu Shu'aibu. Tasa ruwa ke nufa yanzu."

Can ma suka kafa sanda. Wannan karo yaron ya lissafa a natse, ya sake dubawa, ya faɗi ranar da ruwa zai shiga. Shu'aibu ya cire masararsa duka a bushe.

Daga ranar yaron ya gane: kafin ka ba da amsa, gwada ta da abin da idonka ya gani.