Layin da Yaya Ya Manta

Ranar da sabar ofis, babbar kwamfutar da ke riƙe aikinsu, ta sake sandarewa ya fara ganin budurwar, tsugune a bayan injin, tana jan waya tana mita. Ita ce mai gwajin manhaja, shi kuma sabon injiniya. Kafin a ce me, tana kiransa Tabarau, yana ce mata Sarkin Mita, har maganar aure ta kai kunnen Abbanta.

Abba bai ja zance ba. "Ni ban san shi ba. Yayanki ke aiki da shi, abin da ya ce shi za a yi."

To, Yayan ne shugaban sashensu, kuma ba ya son a taɓa masa aiki.

Ana haka Tabarau ya gano ciwon sabar. Duk saƙon da ya shigo ta netwok, wato hanyar sadarwar kwamfutoci, manhajar kan ware masa gurbi a ƙwaƙwalwar injin, in an gama ta saki. Amma idan saƙo ya zo a lalace, sai ta watsar da shi ta riƙe gurbin, har ƙwaƙwalwar ta cika. Layi ɗaya aka manta a rubutun manhajar, wanda zai saki gurbin. Da ya duba wanda ya rubuta wurin, sai ya ga sunan da bai so gani ba. Yaya ne. Ga ƙa'idar ofis, ba a shigar da gyara sai an faɗi wanda ya yi kuskuren.

Ya tura mata saƙo: "Sarkin Mita, na gano matsalar. Aikin Yaya ne. In na faɗa, ina tsoron in rasa ki."

Ta amsa: "In ka ɓoye, ni zan gano a gwaji. Je ka same shi, Tabarauna. Ina bayanka."

Ya je ya nuna wa Yaya kuskurensa. Yaya ya karanta gyaran, ya haɗe rai.

"Ka san maganarka tana hannuna?"

"Na sani, Yaya."

"Je ka."

Aka shigar da gyaran, sabar ta daina sandarewa, amma Yaya ko gaisuwarsa ba ya amsawa sosai. Tabarau har ya fara ramewa.

Da Abba ya nemi jin ta bakinsa, Yaya ya ce, "Haushinsa nake ji, Abba. Amma wanda bai yi min ƙarya don ya same ta ba, ba zai yi mata ba in ya samu. A ba shi."

Aka ɗaura aure, Yaya ne ma ya fi kowa kai da kawo. Abba ya dafa kan ango ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya bar ku kan gaskiya."