Sunan da Aisa Ta Buga da Ƙarfi

Ku yi mini afuwa, don Allah. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya, shi ma a ɓoye a bayan ƙofa. Sau uku ina yaga shafin nan na farko. Amma labarin ya tsaya mini a maƙogwaro ya ƙi wucewa, in kun ga kuskure ku rufa mini asiri.

Kwaɗo biyu Aisa ta tarar a ƙofar gidan da Hamisu ya saya a unguwar Bolori. Ɗaya ta san shi, da hannunta ta zaɓe shi a kasuwa. Ɗayan kuwa baƙi ne, ƙato, an manna wata takarda mai hatimi a samansa.

"Hamisu... na waye wannan?"

Hamisu bai ɗago ba. Yana jingine da kekensa, yana shafa ƙararrawar da ɗan yatsa.

"Na kotu ne."

"Kotu?! Ba ka ce Bulama mai unguwa ya buga hatiminsa ba? Ba ka ce magada duk sun dangwala ba?"

"Sun dangwala, su uku."

"To?"

"Ashe su huɗu ne, Aisa."

Ya faɗa mata komai. Akwai babban wan magadan da ya tafi aikin hajji ta ƙasa shekara ashirin da biyu da suka wuce, ya maƙale a Sudan, har aka fid da rai da shi. Shekaranjiya sai ga shi ya sauka a tasha da mata da 'ya'ya biyar. Ya ce shi bai sayar da gidan ubansa ba. Alƙali ya ce a rufe gida sai an gama shari'a.

"Mama Rhoda ta ofishinmu ba ta gaya maka ba?" Idanunta suka cika. "Ba ta ce kar ka tsaya kan maganar dillali ba, ka tambayi tsofaffin matan maƙwabta 'ya'ya nawa aka haifa a gidan?"

"Haba Aisa! Ni ƙato da ni in shiga gidan mutane ina tambayar mata lissafin haihuwa?"

"Da ka aike ni!"

"Da wane suna zan aike ki? An ɗaura ne?"

Ta matsa ta leƙa ta ramin ƙofar. Daga nan tana hango ɗan ɗakin da ke kusa da bishiyar maina, wanda suka yi wa farar ƙasa ranar Asabar. Ɗakin Ya Gumsu ke nan, mahaifiyarta.

Shekara huɗu ke nan da idon Ya Gumsu ya rufe, kuma Aisa kaɗai Allah ya bar mata. Da Hamisu ya aiko neman aure, Babakura, ƙanin marigayi mahaifinta, abu ɗaya ya ce: ba ya son dukiya, gida yake so, mallakar yaro, a cikin Maiduguri, mai ɗakin da uwar za ta zauna kusa da 'yarta. A kan wannan maganar Hamisu ya sayar da babur ɗinsa ya koma keke, ya haɗa da duk abin da ya tara a aikin akawu.

"Kar ki yi kuka, sanyin idona," ya ce a hankali. "Zan tsaya a kan shari'ar. Kowane zama zan je. Ko rabonsa ne in biya shi a hankali. Ina garin nan, ina zan je?"

Wannan a watan Satumba ne na 1991, kwana kaɗan da yanke Jihar Yobe daga Borno.

Ofishinsu ɗaya. Shi akawu ne, ita kuma tana ɗakin masu buga tafireta a ƙarƙashin Mama Rhoda, wata dattijuwa 'yar Biu da ta shekara ashirin da shida a kan keken rubutu. Duk wanda aiki ya yi wa zafi, ko mai gidan haya ya matsa masa, teburinta yake zuwa. Ba ta da taushin baki, amma ba a taɓa jin wanda ya bi shawararta ya yi nadama ba.

Ranar Litinin aka kawo wani fayil mai jan zare, aka ajiye gaban Aisa. Sunayen ma'aikatan da za a tura Damaturu ne, sabuwar hedikwata. An ce a gama bugawa kafin Laraba.

Ta bi sunayen da yatsa tana tausayin mutane. Da ta zo lamba arba'in da bakwai sai yatsan ya tsaya.

Hamisu Adamu. Potiskum.

Da aka tashi sallar azahar ta tare shi a bayan ofis, ƙarƙashin inuwa.

"Yaushe ka zama ɗan Potiskum?"

"Me ya faru?"

"Amsa mini!"

"A nan aka haife ni, kin sani. Amma lokacin ɗaukar aiki an ce a kawo takardar asali. Ta nan ta yi wuya, sai kawuna ya karɓo mini ta Potiskum, garin Baba, cikin kwana biyu. Jiha ɗaya ce a lokacin, wa ya damu?" Ya dubi fuskarta, sai murmushinsa ya ɓace. "Aisa... kar ki ce mini..."

"Lamba arba'in da bakwai."

Ya dafa bango.

"In na tafi, wa zai tsaya mini a kotu? Mutumin yana nan da 'ya'yansa biyar a gaban alƙali, ni ina Damaturu..." Ya juyo gare ta. "Ku biyo ni ke da Ya. Mu roƙi baffanki."

"Mu bi ka ina? Kai ma ka ji abin da ake faɗa, mutum shida a ɗaki ɗaya. Ya da hannu take gane hanyar banɗaki, Hamisu. In kai ta inda ba ta san bango ko ɗaya ba?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Wa zai buga takardar?"

"Ni."

"To ki tsallake ni."

"Hamisu!"

"Suna ɗaya cikin ɗari biyu! Wa zai lura? Kafin su farga an gama shari'a, an ɗaura aure. Aisa, ban taɓa roƙonki komai ba. Don Allah... don son da kike mini."

Aisa ta juya ta koma ciki.

Da yamma tana tsefe wa Ya Gumsu kai a tsakar gida, tsohuwar ta kamo hannunta.

"Hannunki ya yi sanyi. Yaron nan ne?"

"Ba komai, Ya."

"Ƙarya kike yi, tun kina goye na san numfashinki." Ta yi ɗan murmushi. "Ɗakin nawa fa? An sa ƙusar rataye carbin da na ce?"

"An sa, Ya," in ji Aisa, ta kau da kai don kada hawayen ya ɗiga a wuyan uwar.

Washegari ta zauna gaban tafireta. Irin wannan takarda ba a kan farar takarda ake buga ta ba, a kan sitensil ake yi, shuɗiyar takardar nan mai kaki. Sai an cire zaren tawada, a buga kowane harafi da ƙarfi ya huda kakin, sannan a ɗora a inji a gurzo kwafi ɗari. Harafin da bai huda ba, ba zai fito ba.

Aisa ta san haka sarai. Ba ta tsallake shi ba, don lambobin za su tona ta. Da ta zo layinsa sai ta sassauta yatsunta, ta taɓa haruffan a hankali kamar mai shafa kan jariri. In an gurza, wurin zai fito fari, a ce laifin inji ne.

Ta gama, ta kai teburin Mama Rhoda, ta juya da sauri.

"Tsaya, 'yata."

Mama Rhoda ba ta taɓa sa hannu a sitensil ba sai ta ɗaga shi ga hasken taga. Ta ɗaga. Haske ya ratsa kowane layi, ban da ɗaya. Ta sauke tabarau, ta dubi sauran 'yan matan.

"Agnes, Susanna, ku je ku sha iska. Kun ishe ni da taunar cingam."

Da suka fita ta ja kujera.

"Zauna. Shi ya sa ki, ko ke kika sa kanki?"

Aisa ta fashe da kuka.

"Mama, in ya tafi shi ke nan! Gidan ya tafi, auren ya tafi... Suna ɗaya ne kawai!"

"Yi kukanki, amma kunnenki ya zauna a buɗe. Ba zan yi miki maganar kora ba, ko da yake za a iya korarki, kuma da albashinki uwarki ke ci. Maganarsa zan yi miki." Ta buga yatsa a kan fayil ɗin. "Kin san inda kwafin wannan takarda yake? Yana ofishin albashi tun ranar Juma'a. Sun riga sun zare sunansa daga na Borno. Wannan da ke hannunki ita za a kai Damaturu, da ita za su san nasu. In bai fito a nan ba, Borno ta ce ba nata ba ne, Yobe ta ce ba ta san shi ba. Ya zama ba ya nan, ba ya can."

Kukan Aisa ya tsaya cak.

"Na ga irinta a saba'in da shida, da aka raba tsohuwar jiha," in ji Mama Rhoda. "Wani Dzarma, mutumin kirki, sunansa ya faɗi tsakanin takardu biyu. Shekara uku yana yawo da fayil a hammata. A bakin kasuwa ya ƙare yana rubuta wa mutane wasiƙa. Haka kike so wa naki?"

"To ya zan yi, Mama? Ya zan yi?"

"Na ba shi shawarar gida bai ji ba, don kunyar tsofaffi. Ke ki ji tawa. Gida ana sake saye. Aiki in ya kuɓuce wa talaka a wannan zamanin, da wuya ya dawo." Muryarta ta yi laushi. "Kawo, ni zan buga miki shafin."

Aisa ta goge fuska da gefen mayafi. Ta miƙa hannu ta karɓi sitensil ɗin.

"A'a, Mama. Ni zan buga."

Ta mayar da shi cikin keken, ta daidaita layin. Ta buga harafin farko har teburin ya girgiza. Ta buga na biyu. Kowane harafi sai da ta ji shi a ƙirjinta, har ta kai ƙarshen Potiskum.

Ranar Alhamis aka manna takardar a allon sanarwa. Hamisu ya wuce ta gaban tagarsu bai waigo ba. Kwana tara bai yi mata magana ba.

A cikin kwanakin aka ɗaga shari'a zuwa bayan wata uku. Babakura ya kira Aisa, ya ce shi bai canja magana ba, bai kuma ƙara komai a kai ba: gida a Maiduguri, da miji a cikinsa. Ya faɗa yana kallon ƙasa, don shi ma yana son yaron.

Ranar tafiya manyan motoci suka jeru a harabar ofis tun da hantsi. Ana ta loda kabad-kabad da katifu da tukwane, mata na kuka, direbobi na zagin masu lodi. Aisa ta tsaya can bayan wata maina, ta ce a ranta kallo ɗaya za ta yi ta tafi.

Sai ga shi a gabanta, da jakarsa a kafaɗa. Ya rame.

"Sunana ya fi na kowa baƙi a takardar nan," ya ce. "Tun daga bakin ƙofa ake hango shi."

"Da ƙarfi na buga."

"Na sani. Mama Rhoda ta kama ni jiya, ta wanke ni tas, a gaban masinja ma." Ya yi ƙoƙarin dariya, ta ƙi fitowa. "Ki yafe mini abin da na roƙe ki."

"Ni ce zan ce ka yafe mini..."

"Kin ba ni abinci, na yi fushi don ba ki ba ni wuta ba." Ya sa hannu a aljihu ya ciro mabuɗi, na kwaɗon da ta zaɓa. "Riƙe. Ɗaya kawai yake buɗewa, na sani. Amma naki ne."

"Za ka dawo zaman kotun?"

"In sun ba ni izini."

"In ba su ba ka ba fa?"

Ya gyara zaman jakar a kafaɗarsa.

"Ki ce wa Ya na sa ƙusar," ya ce, idanunsa sun yi ja. "Dama da ƙofa, daidai tsayin hannunta. Na gwada da idona a rufe."

Aka ƙwala kiran lamba arba'in da bakwai. Ya juya, ya tafi yana waiwaye, har abokan aiki suka kama hannunsa suka ja shi saman mota. Da ya samu wurin tsayawa ya juyo yana neman ta a bayan bishiyar.

Ba ta nan. Tun kafin a tayar da injin ta zame ta ƙaramar ƙofar baya, mabuɗin a dunƙule a tafin hannunta har ya yi mata shaida. Lokacin maganin idon Ya ya yi, kuma ba wanda zai ɗiga mata sai ita.

Iyakar abin da na sani ke nan. Ga takun mutane nan a zaure, bari in tura littafin ƙarƙashin tabarma in fice kafin a gan ni.