Tsakanin Awo Biyu

"Hajiya ta ce a dakata da maganar aurenmu."

Auta ta ajiye tiren ruwan da ta kawo wa Dogo falo, ta zuba masa ido. Dogo saurayinta ne tun suna jami'a, mutum mai baki kamar rediyo, amma yau iya abin da ya faɗa ke nan.

"Laifin me na yi?"

"Karatun mastas ɗin nan da za ki yi. Ita dai nas ta sani, mai farin kaya. Da ta ji za ki koma kansilin, wai ki zauna mutane suna faɗa miki damuwarsu, sai ta ce jin gulma ba sana'a ba ce. Ko ki ci gaba da nas, ko a fasa. Ni kuwa wallahi yau zan..."

"Ba za ka yi komai ba, plis. Mahaifiyarka ce," in ji ta, hawaye na zubo mata. "Ni ma ba zan yi mata ƙarya in ce na canja ra'ayi ba."

Wannan ita ce Auta. Ga taushi, ga kafiya, kuma duk wanda ya san ta sai ta burge shi.

Hajiya na fama da hawan jini tun rasuwar babbar 'yarta, kuma Auta ce ke zuwa auna ta duk mako. Kowa ya ɗauka za ta yi fushi ta daina. Ina! Ranar na zagayowa ta ɗauki jakarta. Gaisuwa ma da ƙyar Hajiya ke amsawa, ta miƙo hannu tana kallon bango. Haka aka yi ta yi har wata ya shuɗe.

A ƙa'idar aikin, sau biyu ake awo, da ɗan hutu a tsakani. Auta ba ta cika hutun nan da surutu, zama kawai take yi. Rannan idonta ya sauka kan keken ɗinkin da ke lulluɓe a kusurwar ɗaki.

"Hajiya, na Yaya ne?"

Hajiya ta juya ta kalli keken, har Auta ta zaci ta yi ɓarna. Can sai ga magana. Rigar da marigayiyar ta fara ɗinka mata na nan a ƙarƙashin allura, saura hannu ɗaya ba a ɗinka ba. Duk wanda ta soma gaya wa sai ya tare ta da "a yi haƙuri", ita kuma ta haɗiye sauran. Auta ba ta tare ta ba. Ta riƙe hannunta, ta bar ta ta yi kukanta har ƙarshe.

Da aka yi awo na biyu, jinin bai wani sauka ba.

"Magani kam sai kin ci gaba da sha," in ji Auta.

"Na ji, likita. Amma ƙirjina ya yi sakayau." Hajiya ta share ido da gefen mayafi. "Abin da za ki karanta ke nan?"

"Shi ne, Hajiya."

"To ki je ki yi, 'yata, amma ki yi sauri. Ƙanwata ta fi ni buƙata, ita ko kukan rashin nan ba ta yi ba. Kira min shashashan yaron nan, a sa rana."

Auta ba ta yi musu da babba ba, ba ta kuma saki abin da ta yi imani da shi ba. Wanda duk ya iya haɗa biyun nan da haƙuri, da wuya ya tashi hannu wofi.