Allurar da Ta Kafe a Casa'in

Tun safe mai wayarin, mai gyaran wutar mota, yake kwance ƙarƙashin sitiyarin wata tsohuwar mota, yana sauya mata agogon mai, na zafin inji, da na gudu. Bayansa kamar zai tsinke. Tsohon agogon gudun gilashinsa a fashe yake, allurarsa ta kafe a kan casa'in.

Duhu ya fara shiga, maƙwabta sun rufe, sai ya ji sallama. Wani dattijo ne, ƙaurin ƙonannen taya na tashi daga rigarsa.

"Sannu da aiki, ɗana. Ka sa sabon?"

"Na sa, Baba, amma ban haɗa waya ba. Na gaji, sai gobe."

"Gajiya? Ni shekara talatin ina hanya, ban isa gida ba."

Dattijon ya zauna a kujerar direba. Kujerar nan mai kuka ko motsi ba ta yi ba.

Mai wayarin ya waiga. Ga batir can a ƙasa, inda ya ajiye shi da hannunsa. Amma allurar sabon agogon tana hawa a hankali. Saba'in. Tamanin.

"Ɗana," in ji dattijon, "birkin fa, ka duba shi?"