Mai Buɗe Keji da Magariba

Rana na shirin faɗuwa Mai Aku ya ce wa matarsa ya manta buhun tsaba a kasuwar dabbobi. Ta ga ya ɗauki sanda, ta bi shi da ido.

Ɓarawo ya fita kamawa. Kwana biyu yana tarar da kejinsa a wangale da safe, kwaɗo kuwa a kulle, tsuntsaye sun ragu. Zarginsa na kan ƙanin matarsa, mai sayar da zomaye a rumfar kusa. Shi ne kullum da surutu, wai an cusa kanari sun fi ƙarfin keji, kwanon ruwa ya bushe, matattu na kwana cikin masu rai.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Baki ne kawai ba su da shi."

"Me ya dame ka da kejina? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as!"

Kasuwa ta watse. Mai Aku ya laɓe bayan buhuna. Warin kashin tsuntsu da ruɓaɓɓen ganye ya cika masa hanci. Wani kwikwiyo na kuka cikin kwali, muryarsa ta dushe. Kanari na haki, baki a buɗe.

Sai komai ya yi tsit. Har kwikwiyon.

Ya ji motsin ruwa, kamar mai tafe da bokiti. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso. Ya gyara riƙon sanda, a ransa yana cewa yau dubun suruki ta cika.

Wata 'yar guntuwar mace ce ta shigo, lulluɓe da farin zane. Kanta na juyawa fizge-fizge, irin na tsuntsu. Ta taɓa keji da yatsa, ƙofa ta buɗe. Ta tsince matattun, tana zuba su a zanenta. Cikin zanen suka fara motsi.

Ta tsaya gaban akunsa, ta yi raɗa.

"Wa ya hana su ruwa?"

Akun ya amsa da muryar Mai Aku sak: "Bar su, ai gobe za a sayar."

"Ina mai maganar?"

A hankali akun ya karkata kai wajen buhunan.

Mai Aku ya nemi addu'a, harshe ya manne.

Motsin ruwan ya matso.

Sanyi ya taɓa ƙeyarsa.

Ya yar da sanda ya zura da gudu, yana ture kwanduna. A bakin ƙofar kasuwa wani ya cafke shi. Mai zomaye ne, da fitila a hannu.

"Yaya, kar ka waiwaya! Matarka ce ta turo ni. Ka ɗauka banza nake barin kasuwar nan tun la'asar?"

Ya yi jinya mai tsawo. Da ya miƙe, ya nemi gafarar surukinsa, ya rage tsuntsaye, ya sa aka ƙera manyan keji. Kwanon ruwa bai sake bushewa ba.

Akun kuwa ya daina kwaikwayonsa. Sai dai duk yamma, idan Mai Aku zai rufe rumfa, yakan karkata kai ya yi raɗa da muryar matar nan.

"Sun sha?"

Shi kuma da ƙarfi yake amsawa.