Ramin Da Ba A Hure Ba

"Kai Lanƙwasa, sunkuya ka yi kamar kana aiki!" Oga ya daka masa tsawa. "Saura minti biyar motar banki ta iso."

Rana tsaka, su uku har da Dogo, cikin rigunan masu gyaran titi, bindigogi a ƙarƙashin buhunan siminti. Ma'aikata sun fasa kankare, sun huda gefensa, sun tafi hutu sun bar kayansu, su kuwa suka tare hanya da jan ƙyalle. Lanƙwasa ya shekara tara yana ɗaura rodi kafin ya faɗa harka. Yau cusa rodi kawai yake cikin ramukan, ko oho.

"Kai! Uban wa ya koya maka haka?"

Lanƙwasa ya waiga. Maigidansa ne, tsohon da ya koya masa aiki, yana jingine keke.

"Baba... ina wuni."

"Riƙe gaisuwarka! Shekara uku ka ɓace, ina ta cika baki ka samu babban kamfani, ashe ɓarna kake yi. Rami ba a goge ba, ba a hure ƙura ba, ta ina gam zai kama? Damina ɗaya rodi ya zame, kankare ya ɗaga, mota ta kife da mutane!"

"Sallami tsohon nan," Oga ya ce ƙasa-ƙasa, "ko ni in sallame shi."

Kunya ta rufe Lanƙwasa, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ƙato guda, da ƙaramar bindiga a ƙugu, sai ga shi durƙushe. Ya zare rodin, ya goge ramin, ya kafa baki yana hurawa, ko tsohon ya gamsu ya tafi da ransa.

"Yawwa, ɗana. Yanzu gam, tun daga ƙurya. Murza rodin a hankali—"

Motar bankin ta sha kwana. Dogo ya yaye buhu—tau! tau! 'Yan sandan rakiya suka mayar da wuta.

"Harka ta ɓaci, mu fece!" in ji Oga.

Lanƙwasa ya danne tsohon, ya rufe shi da jikinsa. Ko da ya ɗago, Oga ya ja motar da suka zo da ita shi kaɗai, Dogo na kwance ba motsi.

Ankwa ta shiga hannun Lanƙwasa. Sufeto ya zaro bindigar daga ƙugunsa, ya dubi tsohon. "Baba, ka san shi?"

Tsohon ya daɗe yana kallon bindigar. Sannan ya juya ga ramin nan guda.

"Wanda ya hure wancan ramin ɗana ne. Wannan kam ban san shi ba."

Lanƙwasa ya sunkuyar da kai, ƙurar kankare fara fat a leɓensa. Wallahi da harsashi ne ya same shi, da ya fi masa sauƙi.